Ƙwayoyin tushe na shimfiɗar mahaifa: an kai ga magani, ko har yanzu gwaji ake yi?

Maman_Walida_Agege
Assalamu alaikum. Ina neman afuwar 'yan zaure, musamman iyayenmu maza, domin maganar tana da nauyi a baki, larura ce ta sa na kawo ta. Ƙanwata ta yi ɓari shekara 2 da suka wuce, aka yi mata wankin ciki har sau 2 saboda a karon farko ba a kwashe komai ba. Tun daga lokacin al'adarta ta koma ɗigo-ɗigo na kwana ɗaya, ciki kuma bai sake shiga ba. An yi mata hoto, likita ya ce shimfiɗar cikin mahaifarta ta yi siriri ƙwarai, kuma da alama bangon ya manne a wasu wurare. Makon jiya wata ƙawarta ta kai ta wani asibitin kuɗi a can tsibirin Legas, aka ce mata akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira sitem sel, ana samun su a shimfiɗar mahaifa har ma da cikin jinin al'ada, kuma idan aka zuba mata su shimfiɗar za ta tsiro sabuwa. Kuɗin da suka yanka ya isa mutum ya sayi fili a gida. Mijinta direban tirela ne a Apapa, kuma ya fara maganar sayar da gonarsa ta gado. Shin da gaske akwai irin waɗannan ƙwayoyi a jikin mace? Idan akwai, an kai matsayin yin magani da su ne, ko gwaji za a yi a kanta kuma ita ce za ta biya?

Alhaji_Mile12
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba ta lafiya ya kawo rabo mai albarka. Ni ba likita ba ne, amma na shekara 30 a Ikko, kuma hankalina bai kama cewa jinin da ake zubarwa a wanke jiki shi ne zai dawo ya zama magani ba. Ku riƙe gonarku.

Dalibar_Idi_Araba
Baba Alhaji, da girmamawa, shawararka game da gona tana da kyau, amma ƙwayoyin kam akwai su, kuma ba almara ba ce. Shimfiɗar mahaifa hawa biyu ce. Akwai ta sama, wadda take kumbura kowane wata domin jiran ciki, idan bai samu ba ta zube a matsayin al'ada. Akwai kuma ta ƙasa, wadda ba ta zubewa, daga gare ta ne ta sama take sake tsirowa. A rayuwar mace wannan zubewa da tsirowa yana faruwa kusan sau 400, kuma abin mamakin shi ne wurin yana warkewa ba tare da tabo ba, alhali fatar hannu idan ta yanke sosai sai ta bar shaida. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna zargin cewa dole akwai iri da aka ajiye a hawan ƙasa. Irin nan shi ne ƙwayoyin tushe da ake kira sitem sel, wato ƙwayoyin da suke iya haifar da irinsu, kuma su rikiɗa su zama wasu nau'o'in. A 2004 ne Caroline Gargett da abokan aikinta a Jami'ar Monash da ke Ostiraliya suka nuna su a ɗakin gwaji. Sun ware ƙwayoyin shimfiɗar ɗaya bayan ɗaya suka shuka su a faranti, sai suka ga 'yan ƙalilan ne, kusan 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, suke iya yaɗuwa su kafa gungu da kansu. Daga baya aka gano cewa nau'i ɗaya daga cikinsu yana zaune ne a gefen ƙananan jijiyoyin jini, a hawan ƙasa da na sama duka, shi ya sa wasu suke biyo jinin al'ada su fito. A 2007 aka fara wallafa rahoton ware su daga jinin al'adar kansa.

Injiniya_Ijora
To idan haka ne ai magana ta ƙare. Kwanan baya na ji a labarai cewa LUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ta yi dashen sitem sel kuma ya yi nasara. Me zai hana su je can kawai?

Likitan_Mata_Ikeja
Injiniya, abin da aka yi a LUTH a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya dashen ɓargo ne ga masu ciwon sikila, irin wanda aka fara yi a ƙasar nan a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Ƙwayoyin tushe na jini ake dasawa, kuma aiki ne da duniya ta shafe shekaru fiye da 50 tana yi, an san sharuɗɗansa da haɗarinsa. Sunan ne kawai ya haɗa su da na mahaifa.

Hajiya Maman Walida, tambayarki biyu ce, kuma amsoshinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, ɗalibarmu ta amsa daidai. Ta biyu kuwa, amsar ita ce har yanzu bincike ake yi. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon da muke kira Asherman, sunan likitan da ya yi cikakken bayaninsa a 1948. Yakan biyo bayan kankare mahaifa da ƙarfe jim kaɗan bayan ɓari ko haihuwa, lokacin da bangon yake da taushi, sai ƙarfen ya wuce hawan sama ya taɓa na ƙasa inda irin yake, bangon gaba da na baya su warke a manne da juna. Hoto na yau da kullum ba ya isa a yanke hukunci. Sai an shiga da siririyar kyamara ta bakin mahaifa an ga wurin da ido, kuma da wannan kyamarar ce ake yanke mannewar, a sa abin da zai raba bangon na ɗan lokaci, a ba da maganin sinadarin estirojin domin shimfiɗar ta rufe wurin. Wannan shi ne maganin da aka sani, ana yin sa a nan Legas, kuma mata da yawa suna samun al'adarsu da haihuwa bayansa. Matsalar tana ga masu mannewa mai tsanani, waɗanda wurin yakan sake haɗewa bayan an raba shi, kuma dominsu ne aka fara gwada ƙwayoyin tushe.

Gwaje-gwajen da aka fi ambata ƙanana ne. A 2016 wasu likitoci a ƙasar Sin sun yi wa mata 7 masu Asherman mai tsanani dashen ƙwayoyin da aka raino daga jinin al'adarsu, shimfiɗar ta ƙara kauri, wasunsu suka samu ciki. A shekarar kuma, a birnin Balensiya na Sifaniya, an bi mata 16 da aka ba su ƙwayoyin da suka fito daga ɓargonsu, yawancinsu al'ada ta inganta a watannin farko, sannan amfanin ya fara ja baya. A duka biyun ba a ajiye wani rukuni na mata da ba a yi wa dashen ba domin a kwatanta, saboda haka ba za a iya rantsuwa cewa ƙwayoyin ne suka yi aikin ba, tunda an haɗa da yanka mannewa da magunguna. Mutum 7 da mutum 16 sun isa su sa a ci gaba da bincike. Ba su isa a ce wa direban tirela ya sayar da gadonsa ba.

Maman_Walida_Agege
Na gode ƙwarai, Likita. Kyamarar nan ba a taɓa yi mata ba. A asibitin da suka je ma ba su ambace ta ba, takardar kuɗi kawai suka miƙo.

Hajiya_Alaba_Rago
Ni kuma wata maƙwabciyata tana sayar da wani gari a cikin 'yan fakitoci, tana cewa sitem sel ne, ana zubawa a ƙarƙashin harshe, wai yana maganin rashin haihuwa da ciwon suga da hawan jini. Na sha na wata 3 saboda ciwon gwiwa, ban ga canji ba sai a aljihuna. Shi wannan ɗin danginsu ɗaya da wanda ake magana?

Dalibar_Idi_Araba
Hajiya, ba su haɗa komai ba. Irin waɗannan fakitoci galibi daga tsirrai ake tatso su, kamar tuffa da inabi, kuma abin da ke ciki busasshen gari ne, babu ƙwaya mai rai. Ko da akwai, ƙwayar tuffa ba ta zama naman mutum, ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Ƙwayoyin da muke magana a kansu sai an raine su a cikin na'ura mai ɗumin jikin mutum, daraja 37, a ɗaki mai tsafta ta musamman, ana canza musu ruwan abinci duk bayan 'yan kwanaki, har tsawon makonni. Wanda ya san halin wutar lantarkinmu zai gane cewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Malam_Sabo_Ikorodu
Ina so in taɓo ɓangaren shari'a, domin na san zai zo a zuciyar mutane da yawa ko da ba su furta ba. A 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a Makka a kan ƙwayoyin tushe, ta halatta amfani da su don magani da bincike idan tushensu halal ne, kamar wanda aka ɗauka daga baligi da izininsa ba tare da cutar da shi ba, ko daga mabiyiya da cibiya da izinin iyaye, ta kuma haramta wanda aka samo ta hanyar zubar da ciki da gangan ba da uzurin shari'a ba. A fahimtata, abin da aka ɗebo daga shimfiɗar mahaifar mace da yardarta ya shiga kashi na farko, kuma ya kuɓuta daga rigimar da ake yi a kan ƙwayoyin da ake cirowa daga ɗan tayi. Inda nake da tambaya shi ne jinin haila, domin babu saɓani cewa najasa ne. Shin abin da ake mayarwa jikin jinin ne, ko wani abu ne da aka cire daga cikinsa? Sannan idan na wata mace aka zuba wa wata, yaya batun nasabar yaron da za a haifa?

Likitan_Mata_Ikeja
Allah ya gafarta Malam, ba jinin ake mayarwa ba. Ana tara shi a wani ɗan kofi na roba, yawanci a rana ta 2, a kai ɗakin gwaji a ware ƙwayoyin, a zubar da jinin, a wanke su, a raine su har su hayayyafa, ta yadda abin da za a zuba daga ƙarshe jikokin jikokin na farko ne. Hukuncin wannan ku ne masu faɗa. Game da nasaba, yaro yana samuwa ne daga ƙwan uwa da maniyyin uba, daga nan yake ɗaukar gadon halittarsa. Shimfiɗar mahaifa ƙasar shuka ce, ba ta shiga cikin irin.

Malam_Sabo_Ikorodu
Madalla, wannan ya sauƙaƙa tambayar, ko da yake zan so in ji ta bakin manyanmu kafin in ce wani abu a kan dashe daga wata mace zuwa wata. Kada dai a ɗauki maganata a matsayin fatawa.

Mai_Nazari_Yaba
Ina da gyara kaɗan ga bayanin ɗaliba, ba don rage shi ba. Tunanin cewa akwai ƙwayoyin tushe a shimfiɗar mahaifa ya girmi 2004, domin wani masani mai suna Prianishnikov ya kawo shi tun 1978, hujjar ɗakin gwaji ce ta yi jinkiri. Kuma a 2004 ɗin nan Hugh Taylor na Jami'ar Yale a Amurka ya duba mata 4 da aka yi wa dashen ɓargo, ya ba da rahoton samun ƙwayoyin wanda ya ba su ɓargon a cikin shimfiɗar mahaifarsu. Daga nan muhawara ta tashi a kan ko ɓargo yana aiko da gudummawa zuwa mahaifa, kuma wasu masu bincike da suka biyo baya ba su gamsu ba. Na kawo wannan ne domin a ga cewa su kansu masanan ba su gama daidaitawa a kan asalin ƙwayoyin ba. Wani abin da ke jawo jinkiri shi ne ɓeran ɗakin gwaji ba ya al'ada. Cikin dabbobi, ban da mutum, sai wasu birai da wasu jemagu da 'yan kaɗan suke yi, kuma sai a 2016 aka gano wani ɓera mai ƙaya a baya da yake yi. Shi ya sa aka yi murna a 2017 lokacin da masana a Kambirij ta Ingila da Luben ta Beljiyam suka iya raino 'yan ƙananan curin shimfiɗar mahaifa a faranti, waɗanda suke amsa sinadaran jikin mace kamar yadda ta gaske take yi.

Dalibar_Idi_Araba
Na karɓi gyara, Malam Mai Nazari. Na gode.

Ummu_Hanif_Obalende
Ku yi haƙuri in ɗan karkata, domin tawa larurar akasin ta ƙanwar Hajiya ce. Ita shimfiɗarta ta ƙi tsirowa inda ake so, ni kuwa tawa ta je ta tsiro inda ba a so. Tun ina 'yar shekara 14 nake ciwon mara mai kayar da ni duk wata, a gida ana cewa idan na yi aure zai daina, da na yi aure aka ce idan na haihu zai daina. Sai da na kai shekara 29 aka leƙa cikina da kyamara aka ce endometiriyosis ne, wato nama irin na shimfiɗar mahaifa ya kafu a kan ƙwan haihuwa da bayan mahaifa, yana kumbura duk wata ba shi da hanyar fita. Likitana ya ce ana zargin irin waɗannan ƙwayoyi da hannu a ciki. Idan haka ne, ta yaya za a zuba wa mace abin da yake iya kafuwa ya yi ɓarna?

Likitan_Mata_Ikeja
'Yar'uwa Ummu Hanif, sannu da jiki, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da wannan ciwo, kimanin miliyan 190. Tun 1927 John Sampson ya ce jinin al'ada yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki. Daga baya aka ga cewa hakan yana faruwa ga yawancin mata, amma kaɗan ne suke kamuwa, sai aka fara tunanin cewa wataƙila bambancin yana ga irin ƙwayoyin da suka bi jinin da kuma yadda garkuwar jiki ta karɓe su. Hasashe ne mai ƙarfi, ba a kammala tabbatar da shi ba. Tsoronki kuma yana kan hanya. Duk ƙwayar da take da ikon yaɗuwa dole a bi wanda aka zuba wa ita na shekaru, a ga ko ta tsaya inda aka sa ta. A ƙananan gwaje-gwajen da aka yi ba a ba da rahoton mummunar illa ba, amma ƙaramin gwaji ba ya kama illar da sai a mutum 1 cikin 1,000 take fitowa. A jihar Fulorida ta Amurka, a 2015, mata 3 sun rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan wani asibitin kuɗi ya yi musu allurar ƙwayoyin da aka tatso daga kitsen jikinsu a ido. Daga jikinsu aka ciro, kuma hakan bai hana ɓarna ba.

Ungozoma_Agege
Ni abin da ya fi ci mini rai a wannan zance shi ne mafarin ciwon. Shekarata 22 a ɗakin haihuwa, kuma har yau ana kawo mana matan da aka kankare da ƙarfe a wani lungu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa a bar kankara da ƙarfe, a yi amfani da sirinjin zuƙa na hannu ko ƙwayar magani idan ɓari bai fita duka ba. Mata su riƙa tambaya da me za a wanke su. Sannan Hajiya, a duba ta game da tarin fuka, domin yana kama mahaifa ya lalata shimfiɗar ba tare da mace ta yi tari ko sau ɗaya ba, kuma a ƙasarmu ba baƙon ciwo ba ne. Idan shi ne, ko me aka zuba ba zai tsiro ba sai an kashe ƙwayar cutar.

Injiniya_Ijora
Amma fa kada mu zama masu ƙin kowane sabon abu. Dashen ɓargon da Likita yake yabo shi ma da gwaji ya fara, kuma da babu waɗanda suka yarda aka gwada a kansu da ba a kai nan ba. Idan an yi kyamarar an yi komai bai yi ba, ni ban ga laifin ta gwada ba.

Lauya_Surulere
Injiniya, babu wanda ya ce gwaji laifi ne, amma gwaji yana da ƙa'ida. A Najeriya duk binciken da za a yi a jikin mutum sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta shar'anta yardar mutum bisa sani kafin a cire wani abu daga jikinsa. Wanda ya shiga bincike na gaskiya ana ba shi takarda da ta bayyana cewa bincike ne, da haɗarinsa, da 'yancinsa na fita duk lokacin da ya so, kuma bisa al'ada ba shi ne yake ɗaukar nauyin abin da ake gwadawa ba. Hajiya, ku nemi su nuna muku lambar amincewar kwamitin, su faɗi a wane ɗakin gwaji za a raini ƙwayoyin da tsawon kwanakin, su kuma rubuta sunan abin da za su zuba. Na faɗi na ƙarshen ne domin wasu wuraren jinin hannu suke ɗiba su juya shi a na'ura su zuba ruwan a mahaifa a rana ɗaya. Wannan wata hanya ce daban da ita ma ake gwadawa, kuma kiran ta dashen ƙwayoyin tushe yaudara ce.

Mai_Nazari_Yaba
Ƙari a kan maganar Injiniya, ni ma ina da kyakkyawan zato ga fannin. Samun ƙwayoyin ba ya buƙatar huda ƙashi kamar na ɓargo, ana iya ɗaukar ɗan yanki da siririn bututu ba tare da an sa mace barci ba, kuma an same su har a jikin matan da suka daina al'ada bayan an ba su estirojin. Rukunin Gargett yana gwada ɗora su a kan wani raga domin gyaran zazzagowar mahaifa, ciwon da yake damun iyayenmu mata masu yawan haihuwa, amma a jikin ɓeraye da tumaki aka yi yawancin aikin. Masana da yawa ma yanzu suna ganin ba zama suke yi su zama sabuwar shimfiɗa ba, sinadarai suke fitarwa masu rage kumburi da tabo da jawo sabbin jijiyoyin jini, sannan su ɓace. Idan haka ne, ana buƙatar sauran iri a hawan ƙasa kafin su yi amfani, wanda ya sake mayar da mu ga kyamarar Likita.

Alhaji_Mile12
To, na janye rabin maganata. Ƙwayoyin akwai su, na ji na yarda. Rabin da ya shafi gona yana nan.

Maman_Walida_Agege
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa ƙanwata da mijinta duk abin da aka rubuta. Shi ya yarda a fara da kyamara da gwajin tarin fuka, ita kuwa har yanzu zuciyarta tana can tsibiri, domin a can ne kawai aka ce mata tabbas za ta haihu, kuma dangin miji sun fara magana. Na kira asibitin na yi musu tambayoyin Lauya, matar da ta ɗauka ta ce sai likitansu ya dawo daga tafiya. Likita, idan aka yi kyamarar aka raba mannewar, wata nawa ake jira kafin a san ko shimfiɗar ta dawo?

Likitan_Mata_Ikeja
Hajiya, yawanci bayan wata 1 zuwa 2 ake sake leƙawa a ga ko wurin ya sake haɗewa, sannan a auna kaurin shimfiɗar da hoto a tsakiyar wata, inda muke fatan ganin milimita 7 ko fiye. Wasu sai an maimaita aikin. Idan Allah ya kawo cikin, ta yi awo kuma ta haihu a babban asibiti mai ajiyar jini, domin bayan irin wannan ciwo mabiyiya takan kama bango fiye da ƙima ta ƙi fita. Ki tambaye ta ko tana jin ciwon mara a kwanakin da ɗigon yake zuwa, ki faɗa wa likitan da zai duba ta.